Gani Ya Kori Ji

Tun duku-duku muka bar gida, ni da Verlene,
mil saba'in cikin tsohuwar motata mai tari,
don jikanmu ya rantse duk faɗin Texas
babu inda ake gasa ƙirjin sa kamar can.
Ya ce har sau uku aka nuna su a talabijin.
Ya ce mai wurin da wutarsa yake kwana,
ba ya yarda ko ɗansa ya taɓa masa itace.

Ƙarfe bakwai muka iske layi
ya naɗe ginin, jelarsa na bayan coci.
Wasu da kujerunsu, wasu da lema,
ga wani yaro an ba shi dala ashirin
ya ci rana a madadin mai kwat.
Hayaƙi na ta yi mana alkawari ta saman kwano.

Hantsi ya dubi ludayi.
Kwalta ta fara wari.
Verlene ta jingina gwiwarta mai ciwo da bango,
na leƙa taga na roƙi ruwa kofi guda,
aka nuna mini firji da tsinin wuƙa:
dala biyar, kuma sai layi ya zo kanka.

Sha ɗaya da rabi muka kai gaban kanta.
Yarinyar ba ta ɗaga kai ba.
Haƙarƙari? Ya ƙare.
Kaza? Sai Asabar.
Mai yanka ya ɗora nama kan sikeli
yana ragewa da bakin wuƙa kamar mai awon zinari,
laba guda dala talatin da takwas,
da burodi yanka biyu da albasar da ta gaji.
Sai ta juyo mini da allo
yana tambayar tukuici nawa zan bayar,
ni da ko sannu ba a ce mini ba.

Muka zauna a bencin da ba a goge ba.
Na kai loma.
Waje baƙi, gishiri zalla,
ciki kamar tsohon bel ɗin wandona.
Na tauna har haƙorin robana ya motsa.
Ashe kallon kitse muka yi wa rogo.
Ba girin-girin ba, in ji mutane, ta yi mai,
wannan kuwa ko takardar da aka naɗe shi bai jiƙa ba.

Can sai ga mai wurin, ana ta ɗaukar hoto da shi.
Na dubi hannuwansa, sumul, ba tabon ƙuna ko ɗaya.
Na tuna hannuwan babana Ozell,
da rabin duron da ya kafa a bayan gida,
da itacen da guguwa ta kayar masa kyauta.
Bai taɓa auna nama ba.
In ka zo da faranti ka koma da shi a cike,
ƙashi na zamewa da kansa kamar ya gaji da zama.

Verlene ta naɗe ragowar ta tura a jaka.
Ta ce, kuɗi ne, ba a barin kuɗi a kan tebur.

Muna hanya waya ta yi ƙara.
Jikanmu ne, muryarsa cike da ɗoki,
shi da ya tara daga aikin wankin mota
don mu yi bikin shekara arba'in da biyar da aure.
Yaya, Kaka? Yaya naman?
Na buɗe baki, Verlene ta matse mini cinya.
Na ce, yaro, ban taɓa cin irinsa ba.
Kuma ban yi ƙarya ba.

Da yamma karenmu ya shinshina takardar,
ya dube ni, ya koma inuwa.
Na zagaya bayan gida.
Duron yana nan, tsatsa ta ci gindinsa,
Verlene ta shuka barkono a ciki.
Na daɗe a tsaye ina lissafin
inda zan mayar da barkonon ba tare da rigima ba.